Shekara shida yana tari, ba tibi ba, ba ƙanjamau ba: me ake nufi da “ƙwayoyin B ba sa aiki”?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya na gidan nan ku taimaka min da bayani, kaina ya kulle. Maigidana tela ne, shekararsa 36. Har ya kai talatin bai taɓa kwanciya asibiti ba, mahaifiyarsa ma ta ce ko yana yaro ba mai laulayi ba ne. Shekara shida ke nan da abin ya fara. Mura ta kama shi ta ƙi tafiya, ta sauka ƙirji, sai zazzaɓi, sai kaki kore mai kauri. A sha magani ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Sau huɗu ana kwantar da shi saboda nimoniya. Kunnensa na hagu ya yi ta ruwa har jinsa ya ragu. Ga zawo da ba ya rabuwa da shi. Wandon da ya ɗinka wa kansa sallar bara, yanzu sai ya naɗe tazuge sau biyu kafin ya zauna masa.

An yi masa gwajin ƙanjamau sau biyar, babu. An gwada kakinsa, babu tibi, amma duk da haka aka ɗora shi kan maganin wata shida, ya shanye, tari bai fasa ba. Makon jiya wata likita ta aika da jininsa Legas. Takardar ta dawo: IgG 2.1, IgA ba a gan shi ba, IgM 0.2. Ta ce sunan cutar CVID, wata irin karyewar garkuwar jiki, wai ƙwayoyin B ɗinsa suna nan amma ba sa aiki. Ta yi min bayani, amma ina cikin kuka, rabi bai shige ni ba. In suna nan, me ya hana su aiki? Me ya sa sai da ya girma? Ana ɗauka? 'Yan biyuna fa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Hajiya, ni dai ban taɓa jin garkuwar jikin babban mutum ta karye haka kawai ba in ba ƙanjamau ko suga. Ku haɗa da na gida.

Likitan Ƙirji: Wa alaikumus salam Maman Biyu. Sannu da ɗawainiya. Abu na farko da zan cire miki daga rai: ba a ɗauka. Ba ta kwanciya, ba ta cin abinci kwano ɗaya, ba ta tari.

Bari in fara daga tushe. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani jinsi da ake kira ƙwayoyin B. A ɓargo ake ƙera su. Aikinsu shi ne samar da antibodi, wani sinadari da ke maƙale wa ƙwayar cuta, ya yi mata tambari, don sauran dakarun jiki su gane ta su cinye. Kowace ƙwayar B da irin abokin gabar da ta sani, ɗaya tak. Ranar da wannan abokin gaba ya shigo jiki, ba nan take za ta fara zubo antibodi mai kyau ba. Sai ta shiga kaluluwa ko saifa, ta haɗu da ƙwayoyin T masu taimako, su ba ta izini, ta hayayyafa, a yi ta tacewa ana zaɓar waɗanda antibodinsu ya fi kama cutar da kyau. Waɗanda suka haye sai su rabu gida biyu. Wasu su zama ƙwayoyin filasma, waɗanda ba su da aiki sai zubo antibodi, dubbai a daƙiƙa ɗaya, wasunsu su koma ɓargo su zauna shekaru suna wannan aiki. Wasu kuma su zama masu tuni, su adana kamannin cutar don gaba.

Tunda maigidanki tela ne, ki ɗauka shago ne cike da yara masu koyo. Kekuna na nan, zare na nan, yara sun zo da safe. Amma ba wanda aka yaye. Sun iya ɗan dajiya da gyaran tazuge, sai dai ba wanda zai yanka babbar riga ya ɗinke ta. Wanda ya leƙo ya ƙirga kawuna zai ce shago lafiya lau. Sai ranar karɓar ɗinki za a gane babu kaya. Shi ya sa aka ƙirga ƙwayoyin B ɗinsa aka same su, aka auna abin da suke fitarwa aka ga kusan babu.

Maman Biyu: Wallahi Dakta yanzu na fara gani. To waɗannan haruffan fa, G da A da M?

Ɗan Lab: Bari in karɓi wannan, Dakta, tunda mu ke aunawa. Antibodi iri biyar ne, amma uku ake dubawa a nan. IgM shi ke fara fitowa idan cuta ta shigo, babba ne, amma kamunsa ba ya da kyau sosai. IgG shi ne mafi yawa a jini, wajen kashi uku cikin huɗu, shi ke daɗewa, shi ne kuma kaɗai ke ratsa mabiyiya ya shiga jikin jariri, ya tsare shi watanni shidan farko. IgA kuma mai gadin ƙofa ne: hanci, maƙogwaro, huhu, hanji, hawaye, yawu, da nonon uwa, musamman dakashi. A babban mutum, IgG yakan kama daga 7 zuwa 16 na giram a kowace lita. Nasa 2.1. Ki dubi inda ciwonsa yake zama: hanci, kunne, ƙirji, hanji. Duk ƙofofi ne.

Akwai ƙwayoyin cuta masu sulke, irin niyumokokas da himofilus, waɗanda fararen ƙwayoyin jini ba sa iya riƙe su sai antibodi ya maƙale musu tukuna. Su ne ke kawo nimoniya da ciwon kunne a kai a kai. Zawon kuma a duba bayan gidansa a nemi jadiya, wata ƙwayar cutar hanji, tana yawan samun masu wannan lalura, kuma tana da magani.

Mai Kaji: Ranka ya daɗe Dakta, ina karantawa gabana ya faɗi, domin wannan labarin na san shi a ɗakin kaji. Duk mai kiwo ya san Gumboro. Idan ta shiga 'yan tsaki suna ƙanana, waɗanda suka tsira ba sa ƙara yin ƙwari. Ka ba su riga-kafin Lasota a ruwa kamar ka zuba a ƙasa, riga-kafin ba ya kama su, kowace cuta ta zo sai ta kwashe su. Likitan dabbobinmu ya taɓa fede min ɗaya ya nuna min wata 'yar jaka a saman dubura, ta kumbura ta yi ja, ya ce nan cutar take ci. Akwai alaƙa ne?

Likitan Ƙirji: Alhaji Mai Kaji, ka taɓo asalin sunan ma. Wannan jakar sunanta bursa, kuma harafin B daga gare ta aka ɗauko. A 1956 wani mai bincike a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, Bruce Glick, da abokin aikinsa suka buga cewa kajin da aka cire wa wannan jaka suna ƙanana ba sa yin antibodi. A 1965 Max Cooper da Robert Good suka nuna, da kaji dai, cewa dakarun gida biyu ne: na bursa masu yin antibodi, da na wata gaɓa da ke ƙirji mai suna taimus, su ne ƙwayoyin T. Mutum ba shi da bursa, ɓargo ke yi masa wannan aiki. Kazar da Gumboro ta ci wa jaka da majinyacinmu sun haɗu a wuri ɗaya: a yi musu riga-kafi, jiki ya kasa amsawa. Bambancin shi ne ita ƙwayar cuta ce ta cinye mata ƙwayoyin, shi kuwa nasa na nan, girma ne suka kasa ƙarasawa. Kuma kada wani ya fahimce ni a baibai, Gumboro ba ta kama mutum.

Wannan rashin amsawar ma yana cikin sharuɗɗan tabbatar da cutar. Akan ɗebi jini, a yi allurar tetanos ko ta niyumokokas, bayan kamar mako huɗu a sake ɗiba a ga ko antibodi ya tashi.

Hajiya Babba: Ni tambayar yarinyar nan ta biyu ce ta tsaya min. Yaro lafiyayye har shekara talatin, rana ɗaya a ce jikinsa ya daina aiki? Ku likitoci in kun rasa dalili sai ku laƙa wa abu haruffa. Mu a nan cewa za a yi hannu ne aka sa masa, kuma ban ga laifin mai faɗin haka ba.

Maman Biyu: Hajiya, abin da surukata take faɗa ke nan. Ta ce abokan sana'a ne suka jefe shi. 'Yan uwana kuma suna raɗa cewa ƙanjamau ce muke ɓoyewa. Akwai wadda ta daina bari 'ya'yanta su ci abinci a gidana.

Likitan Ƙirji: Hajiya Babba, tambayarki mai nauyi ce, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. A mafi yawan masu CVID ba a gano takamaiman gurbin da ya lalace a ƙwayoyin halitta. An gano wasu: ICOS a 2003, TACI a 2005, daga baya NFKB1, CTLA4, LRBA da sauransu, amma waɗannan kaɗan ne daga cikin majinyata. Abin da aka tabbatar shi ne yanayin cutar ke nan: an fi gano ta tsakanin shekara 20 zuwa 40, maza da mata, a Turai da Amurka da ko'ina, a wajen mutum ɗaya cikin 25,000 zuwa 50,000. Mutumin Landan da ba shi da abokin sana'a a kasuwa shi ma haka take zuwar masa. Kuma abu ne da ake aunawa da lamba, a ba da magani a ga lambar ta hau, tari ya ragu.

Akwai 'yar uwarta ta yara. A 1952 wani likitan soja a Amurka, Ogden Bruton, ya ba da labarin yaro ɗan shekara takwas da ke ta fama da cututtuka, ya auna jininsa ya ga babu antibodi, ya riƙa yi masa allurar antibodin wasu, yaro ya miƙe. Irin wannan maza take kamawa, ƙwayoyin B ɗin ma babu su sam, kuma tana bayyana da zarar abin da jariri ya samo daga uwa ya ƙare. Ta manya ta sha bamban.

Nas A Ingila: Sannu 'yar uwa Maman Biyu. Ina aiki a sashen da ake ƙara wa irin waɗannan majinyata magani, don haka zan ɗan ja Dakta baya kaɗan. Kafin a buga hatimin CVID a kan babban mutum, sai an kore sauran dalilai, domin a manya su suka fi yawa. Yana shan maganin farfaɗiya, irin fenitoyin ko kabamazafin? Ya daɗe yana shan firednisolon ko deksa? Wannan na ƙarshe ina nanatawa, don na san yadda ake sayensa a gida kamar gyaɗa, wasu don ƙiba, wasu don ciwon gaɓɓai. An taɓa ba shi rituksimab? Shi wannan aikinsa ke nan, share ƙwayoyin B. An duba fitsarinsa? Ƙoda mai yoyo tana zubar da antibodi a fitsari, hanji mai ciwo ma haka. Sannan sankarar jini irin CLL da mayeloma. Sannan hoton ƙirji na siti (CT), a duba ko akwai ƙari a taimus, domin akwai wata lalura da ake kira da sunan Good, wadda ke haɗa ƙarin taimus da ƙarancin antibodi, ta fi samun waɗanda suka haura arba'in.

Likitan Ƙirji: Gaskiyarki Sista, na yi gaggawa. Da ma sunan CVID sai an kore waɗannan ake ba da shi.

Maman Biyu: Ba ya farfaɗiya. Fitsari an duba, ta ce lafiya. Amma deksa kam ya sha. Duk sanda ƙirji ya riƙe shi, mai kemis ɗin layinmu yakan haɗa masa da shi, kwana uku ko biyar.

Mai Kemis: To ga shi an zo kanmu. Ba ni ne na layinsu ba, amma bari in yi magana a madadin masu shago. Mutum ya zo maka da daddare numfashi na sarƙewa, ba shi da kuɗin kati, ka kore shi? Mu ne asibitin talaka. Kuma ni a ganina wannan bawan Allah abin da yake buƙata shi ne magungunan ƙara garkuwar jiki. Akwai masu kyau, na zogale, na habbatus sauda, da bitamin. A haɗa masa na wata uku a gani.

Ɗan Lab: Malam, ba wanda ya ce ku kori mutane. Amma mutum ɗaya ya dawo maka sau goma a shekara da ciwo iri ɗaya, alherin da za ka yi masa shi ne ka ce wannan ya fi ƙarfin shagona. Deksa na kwana biyar jefi-jefi da wuya ya kai IgG 2.1 ya kuma shafe IgA gaba ɗaya, amma a gaya wa likitarsa, kuma a daina. Batun ƙara garkuwa kuwa, zogale abinci ne mai kyau, ya ci. Sai dai ba yunwa ce ta hana ƙwayoyinsa aiki ba. Kuɗin da za a zuba a kwalaben nan wata uku, gara a tara su don abin da zai yi aiki.

Mai Kemis: Na ji. Amma ku ma na lab kuna da naku. Sau nawa kuka rubuta wa wannan mutumin taifod?

Ɗan Lab: Ban musa ba, kuma ka kawo ni inda nake so in je. Gwajin Widal antibodi yake nema, da ma can ba abin dogaro ba ne. Maman Biyu, ki riƙe wannan da kyau: duk gwajin da ke neman antibodi ba a dogara da shi a jikin maigidanki, domin jikinsa ba ya yin abin da ake nema. Wannan ya haɗa da gwajin ƙanjamau na tsinke da ake yi a minti goma sha biyar, da wasu gwaje-gwajen ciwon hanta. A yi masa na PCR sau ɗaya, wanda ke neman ita ƙwayar cutar da kanta.

Maman Biyu: Innalillahi. Kana nufin duk gwaji biyar ɗin nan banza ne? Jikina ya yi sanyi.

Likitan Ƙirji: Kwantar da hankalinki. Ɗan Lab ya faɗi daidai a ƙa'ida, a yi PCR a rufe babin. Amma ƙanjamau ƙwayoyin T take ci, kuma abin da aka saba gani a masu ita shi ne IgG ya hau sama ya wuce ƙima. Na maigidanki a ƙasa yake warwas. Ke ma an gwada ki lokacin awon ciki, naki gwajin kuwa abin dogaro ne. Takardar PCR ɗin za ta yi miki amfani ko don bakin dangi. Kuma a yi shi kafin a fara ƙarin antibodi, wato maganin cutar, don bayan an fara, jininsa zai ɗauki antibodin dubban mutane, wasu gwaje-gwajen su nuna yana da abin da ba shi da shi.

Abin da ya fi ci min rai a labarin nan shi ne shekara shidan. Kowace nimoniya tana barin tabo. Hanyoyin iska na huhu su buɗe su saki, kaki ya riƙa taruwa a ciki, kuma wanda ya buɗe ba ya komawa. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki akan yi shekaru kafin a gano cutar, balle mu da tibi ya cika mana ido, duk mai tari da rama shi muke fara zargi, kuma da dalilinmu. Amma idan gwaji ya ce babu, aka ba da maganin wata shida bai yi ba, wajibi ne a tsaya a sake tunani.

Ɗan Lab: Kuma abin takaicin, alamar tana iya kasancewa cikin fayil ɗinsa tun tuni. Gwajin aikin hanta da ake yi ko'ina yana ba da lamba biyu: jimillar furotin da albumin. Ka cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne gulobulin, kuma antibodi ne kaso mai yawa a cikinsa. Idan ya gaza 18, a nemi gwajin IgG. A Wels ta Birtaniya an mayar da wannan lissafi hanyar tace majinyata. A wajenmu ma ya fi jan hankali, domin maleriya da tsutsar ciki da sauran cututtuka sun sa gulobulin ɗin mutanenmu yakan fi na Turawa yawa. Duk ranar da na ga na ƙasa sosai sai na kira likitan. Hajiya, in kina da tsofaffin takardu ki duba.

Maman Biyu: Ina da su duka a leda. Ga wata ta shekara huɗu da ta wuce, lokacin kwanciyarsa ta biyu. Jimilla 55, albumin 41.

Ɗan Lab: 14 ke nan.

Maman Biyu: Shekara huɗu takardar nan tana ƙarƙashin katifata.

Nas A Ingila: Ba laifinki ba ne 'yar uwa, ba aikinki ba ne karanta ta. Mu dubi gaba. Maganin shi ne a ara masa abin da jikinsa ba ya yi. Ana tace IgG daga ruwan jinin dubban masu ba da gudummawa, a ƙara masa ta jijiya duk mako uku ko huɗu, ko ta ƙarƙashin fata duk mako. Dalilin maimaitawar shi ne IgG yana raguwa da rabi cikin kamar kwana 21. Ana farawa da milligiram 400 zuwa 600 a kowane kilo na nauyinsa a wata. Ina da majinyata da suke zuwa da kwamfutarsu, a sa musu layi, su yi aikinsu na ofis awa uku, su tashi su tafi. Wasu a gida suke yi wa kansu a fatar ciki. Ƙarin farko a hankali ake sakinsa, don yakan kawo ciwon kai, sanyi ko zazzaɓi, kuma a sha ruwa sosai kafin a zo.

Ɗan Fagge: To in daga jinin mutane ne, ba sai ƙannensa su ba shi jini ba? Ai ya fi sauƙi.

Likitan Ƙirji: Leda ɗaya ta ruwan jini abin da ke cikinta na IgG giram biyu ne zuwa uku. Shi kuwa in nauyinsa kilo 50 ne, giram 20 yake buƙata duk wata, har abada. Ga haɗarin ɗaukar cuta, ga na jiki ya ƙi jinin. Kuma mutum ɗaya cututtukan da ya gamu da su kaɗai ya sani, amfanin tara na dubbai ke nan. Mutanen Kaltungo, inda saran maciji ya yi yawa, sun san irin wannan magani: allurar saran maciji antibodi ce da aka tace daga jinin doki ko tunkiya. Aro ne, yana aiki, yana ƙarewa.

Talaka Bawan Allah: Ku yi haƙuri, amma ni a nan nake rabuwa da ku. Kuna ta kawo Ingila da Amurka. Tela ne fa. Kwalba huɗu ta giram biyar-biyar duk wata, maganin da ake shigowa da shi da dala. Ko gida ya sayar, na wata nawa zai saya? Meye amfanin gaya wa mutum sunan cutarsa in maganin ya fi ƙarfinsa? Da bai sani ba da ya fi kwanciyar hankali.

Likitan Ƙirji: Malam, tsadar gaskiya ce, kuma tana hana ni barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan magani a jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba, amma mafi yawan ruwan jinin da ake yin sa da shi daga Amurka yake fitowa, mu kuwa saye muke. Sai dai ban yarda cewa rashin sani ya fi ba. Ka lissafa abin da suka kashe a shekara shida: kwanciya huɗu, allurai, maganin tibi da hantarsa ta ɗauka a banza, masu magani na gida. Da sanin sunan, ko ba a samu kwalba ko ɗaya ba, abubuwa da yawa za su canza. Za a iya ɗora shi kan maganin kariya irin azitromaisin. Zazzaɓi ya zo, ba jira, kuma maganinsa ya fi na kowa tsawon kwanaki. A koya masa fitar da kaki safe da yamma. A tafasa ruwan shansa. A kashe jadiya. A riƙa duba saifarsa da ƙwayoyin daskarar da jini, domin wajen mutum ɗaya cikin huɗu na masu cutar garkuwarsu takan juyo ta ci jikinsu, galibi jininsu, kuma haɗarin sankarar kaluluwa da ta tumbi ya fi na sauran mutane. Wanda bai san sunan cutar ba, ba zai nemi ko ɗaya daga ciki ba.

Talaka Bawan Allah: Na karɓi rabin maganarka. Rabin kuma yana wuyan gwamnati da masu inshorar lafiya.

Malamar Asibiti: Ba a taɓo riga-kafi ba, kuma 'yan biyun nan ƙanana ne. Mai wannan lalura ba a ba shi riga-kafi mai rai, kamar ɗigon shan inna da allurar shawara. An ruwaito wani mutum a Ingila mai CVID da ya yi kusan shekara talatin yana fitar da ƙwayar riga-kafin shan inna a bayan gida, don jikinsa ya kasa kawar da ita. Saboda haka ki gaya wa likitarsa shekarun yaran, ta tsara muku. Akwai allurar shan inna, wadda ba ta da rai, tana cikin riga-kafin yau da kullum a Najeriya tun 2015. In an ɗiga musu, ke ce mai wanke musu kashi, ba shi ba, da sabulu kowane lokaci.

Kuma ina roƙon kowa, kada a yanki wannan magana a kai wani wuri a ce ga shi likitoci sun ce ɗigo na da illa. Mun ga abin da dakatar da ɗigon shan inna a 2003 ya jawo mana. Wannan hukunci ne na gida ɗaya mai majinyaci na musamman. Shi kansa abin da ke tsare shi daga ƙyanda da mashaƙo shi ne yaran unguwa su kasance an yi musu.

Maman Biyu: Na gode Malama. Shekararsu uku. Su ma za su gada?

Likitan Ƙirji: Mafi yawan masu ita su kaɗai ne a danginsu. A kaso kaɗan akan samu wani ɗan uwa da ita, ko da ƙarancin IgA kaɗai. Inda auren zumunci ya yi yawa, nau'o'in da ake gada daga uwa da uba sukan fi fitowa, kuma da wuri suke bayyana. In yaran suna girma lafiya, ba sa ciwon kunne da ƙirji a kai a kai, ki bar su su yi wasansu. Ba a ma yanke hukuncin CVID kafin shekara huɗu, don garkuwar yaro ba ta gama nuna ba.

Ɗalibin Likita: Dakta, a aji an ambaci wata cutar karyewar garkuwa ta manya a Asiya, mai kama da ƙanjamau amma ba ita ba. Ita ce wannan?

Likitan Ƙirji: A'a, kusan kishiyarta ce. Waccan an fi bayyana ta a Tailan da Taiwan, babban rahotonta ya fito a 2012. Su ƙwayoyin B ɗinsu suna aiki sarai, sai dai suna ƙera antibodi a kan wani saƙon garkuwar jiki mai suna intaferon gama, su toshe shi, sai dangin ƙwayar tibi da wasu fangas su samu hanya. Shi ya sa a can wani lokaci rituksimab ake ba su don a rage ƙwayoyin B, maganin da Sista ta lissafa cikin masu jawo irin matsalar maigidan Maman Biyu. In ka zo jarrabawa kada ka haɗa su.

Hajiya Babba: To Dakta, na ji bayaninka, lambar nan ta 14 ta shige ni. Addu'a dai ba za mu fasa ba. Yarinya, ki turo min lambar surukarki ta akwatin sirri, tsoho shi ke jin maganar tsoho.

Maman Biyu: Na turo, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na kira likitar yanzu na karanta mata abin da na rubuta a bayan takardar: PCR kafin ƙari, hoton siti na ƙirji, gwajin bayan gida, maganar deksa, da riga-kafin yara. Ta ce hoton da PCR da ma suna cikin shirinta, mu zo ranar Litinin da tsofaffin takardun duka. Ƙungiyarsu ta teloli sun ce za su zauna ranar Juma'a bayan masallaci kan kuɗin kwalaben farko. Sista, in an sa ranar ƙarin zan neme ki, ki gaya min abin da zan riƙe masa a jaka.